Tsofaffin dabarun wasa da aka jingine: a ajiye su ko a share?

Sarkin_Shakka
Assalamu alaikum 'yan zaure. Duk wanda ya shiga harkar tsara wasanni, na kwamfuta ne, na waya ne ko na allo, shawara ɗaya ake fara ba shi: buɗe littafi ko folda, duk dabarar da ta faɗo maka ka rubuta, wadda ka jingine kada ka share, wata rana za ta yi rana. Ni a ganina an zuzuta abin. Dabara araha ce, aiwatarwa ce mai tsada. Mutum zai tara layi 500 a fayil, ko goma bai taɓa komawa ya karanta ba. Kuma abin da ya ƙi aiki shekara biyar da suka wuce, me zai sa ya yi aiki yau? Mai hujja ya kawo misali na gaske da yadda ake ajiyar, ba wa'azi ba.

Baba_Famicom
Wa alaikumus salam. Misali kam ga shi nan birjik. Tun bayan fitowar Super Mario Bros. a 1985 Shigeru Miyamoto na kamfanin Nintendo, wanda ya ƙirƙiri Mario, ke son ganin Mario a bayan wata dabba yana sukuwa. Na'urar wasan Nintendo ta lokacin, Famicom, ba ta iya ɗaukar nauyin hakan ba, sai aka jingine. Da Super Famicom ta zo, Yoshi, dabbar da Mario ke hawa, ya bayyana a Super Mario World a 1990. Metroid Dread ma haka: tun tsakiyar shekarun 2000 aka tsara shi don Nintendo DS, mai tsara shi Yoshio Sakamoto ya ga na'urar ba za ta iya fitar da maƙiyin da zai riƙa farautar ɗan wasa yadda yake so ba, aka ajiye. Sai a Oktoban 2021 ya fito a Switch. Ga kuma Mii, fuskokin nan da mutum ke ƙera wa kansa a Wii ta 2006, waɗanda asalinsu gwaji ne tun zamanin Famicom Disk System. Duka ukun na'ura ce ta hana su, da na'ura ta ƙaru suka tashi. Da tsohuwar zuma ake magani, Malam.

Hajjo_Pixel
Baba, biyun farko na yarda, amma na Mii akwai gyara. Ba ƙarfin na'ura ne kaɗai ya riƙe shi ba. Miyamoto da kansa ya nuna tsohon gwajin a taron masu tsara wasanni na GDC a 2007, kuma abin da abokan aikinsa suka yi ta tambaya shi ne: to ina wasan a ciki? An sake gwadawa a na'urar 64DD, an sake a na'urar GameCube da wani aiki mai suna Stage Debut wanda bai fito ba. Abin da ya rasa shi ne wasan da zai zauna a ciki, kuma Wii Sports ne ya ba shi.

Wannan bambancin shi ne amsar tambayar Sarkin_Shakka gaba ɗaya. Ba dabarar ce abin ajiyewa ba, dalilin jingine ta ne. Dalilan kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai wadda na'ura ko inji, wato manhajar da ake gina wasa a kanta, ya gaza mata. Akwai wadda mai ita ne bai ƙware ba tukuna, misali tana buƙatar wasa tsakanin mutane ta intanet alhali bai iya daidaita bayanai tsakanin wayoyi biyu ba. Akwai wadda kuɗi ko hannu suka yi mata kaɗan. Akwai wadda ke da daɗi amma ba ta dace da wasan da ake ginawa lokacin ba. Sannan akwai wadda aka gina, aka ba mutane suka buga, ba ta yi daɗi ba. Huɗun farko suna iya tashi ranar da cikas ɗin ya kau. Ta biyar ce kusan matacciya. Wanda ya rubuta dabara bai rubuta wanne ne dalilinta ba, bayan shekara uku ba zai iya raba su ba, sai ya ɓata wata biyu yana sake gano abin da ya riga ya sani.

DanBirni84
To yaya ake rubutawar, Hajiya? Don yawancin abin da ke cikin irin waɗannan littattafai bai wuce "wasan ɗan achaba a cikin gari" ba.

Hajjo_Pixel
@DanBirni84 wannan jigo ne, bai zama dabarar wasa ba tukuna. Kowace dabara kati ɗaya ko fayil ɗaya, kada ya wuce rabin shafi. A sama kwanan wata. Sai jimla ɗaya da ke faɗin abin da ɗan wasa ke yi da yatsunsa: "yana riƙe maɓalli babur ya ƙara gudu, in ya saki yana kwana, fasinja na faɗuwa in kwanar ta yi tsanani." Sai zaɓin da ke gabansa kowane daƙiƙa goma: gudu don kuɗi ko lallaɓawa don fasinja. Sai yadda ake faɗuwa. Sai layi biyu mafi muhimmanci: "an jingine saboda..." da "a dawo da ita idan...". Na ƙarshen ya zama abin da za a iya dubawa a ce e ko a'a, kamar "idan an sami mai zane" ko "idan ƙaramar waya ta iya nuna motoci 40 a allo ba tare da sarƙewa ba". "Idan lokaci ya yi" ba sharaɗi ba ne.

Kod_da_Shayi
Rubutu kaɗai ba ya riƙe daɗin wasa. Daɗin tsalle yana cikin lambobi: ƙarfin jan ƙasa, saurin tashi, 'yan firem ɗin da ake yi wa ɗan wasa afuwa bayan ƙafarsa ta bar bakin dandamali, tsawon lokacin da ake tuna danna maɓallinsa kafin ya sauka. Canza ɗaya daga ciki da kashi 20 cikin ɗari, wasan ya zama wani daban. Don haka in an kai ga samfurin gwaji, abu huɗu ake ajiyewa tare.

Na farko bidiyo na daƙiƙa 30 zuwa 60, MP4, ana bugawa, da murya a kai tana bayanin abin da ake dannawa. Shi ne zai fi komai daɗewa. Na biyu wasan da aka riga aka haɗa wanda ke tashi da kansa ba sai da inji ba, na Windows ya fi aminci. Na uku kod ɗin a Git, manhajar da ke adana kowace sigar kod, da alama a kan sigar da ta yi aiki ta ƙarshe. Na huɗu ƙaramin fayil na rubutu zalla mai sunan inji da ainihin lambar sigarsa, duk ƙarin kayan da aka ɗora masa, da lambobin da na ambata a sama.

Dalilin wannan wahala: tsohon aiki ba ya buɗewa. Injin Godot 4 ya fito a Maris 2023 da sauye-sauye a harshen kod ɗinsa, GDScript, da sunayen abubuwa da yawa, aikin Godot 3 ba ya tashi a ciki sai an juya shi, kuma manhajar juyawar ba ta gyara komai. A injin Unity lambar siga tana cikin ProjectVersion.txt a foldar ProjectSettings; ajiye Assets, Packages da ProjectSettings, a bar Library don inji na sake gina ta kuma ita ke cin wuri. Flash, tsohon dandalin wasannin da ake bugawa a burauza, an daina tallafa masa ranar 31 ga Disamba 2020, masu fayil ɗinsa na SWF yanzu sai ta Ruffle, manhajar da ke kwaikwayonsa. A waya abin ya fi muni: iOS 11 ya daina karɓar manhajojin 32-bit tun 2017, Android 14 kuma yana ƙin shigar da manhajar da aka gina don tsofaffin sigogi sosai. Wanda ya dogara da APK, fayil ɗin manhajar Android, kaɗai yana iya wayar gari ba wayar da za ta buɗe shi.

Maradi_Dev
Ƙari kan na Kod_da_Shayi: zane a ajiye shi iri biyu, fayil ɗin aiki mai hawa-hawa da kuma PNG. Na 3D a fitar da glTF ko FBX ban da na manhajar Blender ɗin. Rubutu kuma TXT ko Markdown. Manhajar rubutu ta kamfani na iya rufewa ko ta koma ta kuɗi.

Injiniya_Sule
Ana ta maganar me za a ajiye, ba a ce a ina ba. Ƙa'idar da masu ajiyar bayanai ke bi: kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2, 1 daga ciki a wani wuri daban. Filash na USB ba wurin ajiyar shekaru ba ne. Shi da SSD caji suke riƙewa a cikin ƙwayoyinsu, in suka daɗe ba a jona su da wuta ba cajin na zurarewa, zafi kuma na hanzarta hakan. A ɗakin da ke ɗaukar zafin watan Afrilu wannan ba wasa ba ne. Faifan waje mai juyawa ya fi jure ajiya amma faɗuwa ɗaya ke kashe shi, kuma kada a bar shi jone lokacin da wuta ke rawa. A jona kowanne sau biyu a shekara, a buɗe fayil biyu ko uku a tabbatar suna karantuwa.

GitHub, shafin ajiyar kod a intanet, ba ya karɓar fayil ɗaya da ya haura MB 100, manyan zane da sauti sai ta Git LFS, tsarin ajiyar manyan fayiloli, ko a ware su. Google na ba da GB 15 kyauta, amma a sani yana da ƙa'idar iya share asusun da aka bari shekara 2 ba a shiga ba. Littafin takarda kuwa gara da damina ne abokan gabarsa, a ɗauki hoton kowane shafi.

Manyan kamfanoni ma sun sha wannan. Silent Hill HD Collection na 2012 an gina shi ne daga kod ɗin da ba na ƙarshe ba, don ba a sami kammalallen ba, shi ya sa tsofaffin kurakurai suka dawo. A ɗaya gefen, kod ɗin Prince of Persia na Apple II ya tsira ne saboda faifan fulofi da mahaifin Jordan Mechner, wanda ya rubuta wasan, ya tsinta a kwali a 2012, aka samu masana suka ciro shi, aka ɗora a GitHub.

Sarkin_Shakka
Na gode, an kawo abin ji. Amma ku lura, waɗanda suka tsira kaɗai kuke lissafawa. Kowane Yoshi ɗaya akwai dabaru nawa a aljihun Nintendo da ba su taɓa tashi ba? Ba mu san su ba don ba a yi musu taro. Kuma ga ɗaya fuskar: Duke Nukem Forever an sanar da shi a 1997, aka yi ta sauya inji ana riƙe da tsohon tunani, ya fito a 2011 duniya ta riga ta wuce shi. Riƙon tsohuwar dabara na iya zama ciwo. Sannan Nintendo na da dubban ma'aikata. Mutum ɗaya mai kwamfuta ɗaya, awannin da zai kashe yana jera folda ba gara ya gama wasa ɗaya ba?

Zinariya_3D
Yallabai, Duke Nukem Forever ba a jingine shi aka dawo ba, ƙin jingine shi aka yi. Abu biyu ne daban. Ajiya tana ba mutum damar cire hannu ba tare da jin ya yi asara ba, wannan ma kaɗai riba ce.

Kuskuren da ake yi shi ne ɗauko tsohon aiki ɗungurungum. Masu yin abin daidai kwance shi suke yi su ɗebi sassa. Blizzard sun yi shekaru suna gina wani katafaren wasan intanet mai suna Titan, aka sanar da soke shi a 2014. Ƙaramin rukunin da ya rage aka ba su makonni shida su kawo sabon abu. Ba su ce a farfaɗo da Titan ba. Sun ɗauki wani nau'in mayaƙi mai suna Jumper, mai ɓacewa ya bayyana gaba kuma ya mayar da lokacinsa baya, ya zama Tracer. Suka ɗauki wasu wurare da aka riga aka zana. Sabon wasan, Overwatch, ya fito a 2016 da Tracer cikin jarumansa. A Capcom, gwajin farko na Resident Evil 4 ya karkata ga faɗa da salo fiye da ban tsoro, maimakon a zubar sai aka ware shi ya zama Devil May Cry a 2001. Gwajin Super Mario 128 da aka nuna a baje kolin Nintendo na Space World na 2000 bai taɓa fitowa a matsayin wasa ba, amma dabarar sarrafa ɗimbin halittu lokaci guda ta shiga Pikmin a 2001, tafiya a kan dunƙulallen fili kuma ta shiga Super Mario Galaxy a 2007.

Don haka ranar da za a jingine aiki, a zauna awa ɗaya a rarraba shi: salon motsi kati ɗaya, tsarin maki kati ɗaya, maƙiyi mai kyau kati ɗaya, kiɗa da zane foldarsu daban. Sashe ɗaya ya fi saurin samun gida fiye da wasa sukutum.

Maradi_Dev
Kan batun mutum ɗaya: Celeste ya fara ne a matsayin ƙaramin wasan da mutum biyu suka yi a manhajar ƙera ƙananan wasanni ta PICO-8 cikin kwana 4 a 2015, cikakken ya fito 2018. Hollow Knight na 2017 jaruminsa, wani ɗan ƙwaro, daga Hungry Knight yake, wasan da aka yi a 2013 a Ludum Dare, gasar ƙera wasa cikin 'yan kwanaki, da bai samu karɓuwa ba. Ba sai kana da ɗaruruwan ma'aikata ba.

Kod_da_Shayi
Celeste bai shiga lissafi sosai ba, ɗan uwa. Mutane sun so shi tun farko, faɗaɗa shi aka yi. Hungry Knight ne misalin da ya dace, don wasan bai yi ba, ƙwaron kaɗai aka ɗauka. Wato maganar Zinariya_3D.

Ummi_Allo
Masu wasan kati da na allo sun fi kowa tsari a nan. A wasan kati na Magic: The Gathering, tsarin da ake kira Energy an ƙirƙire shi ne don jerin katunan Mirrodin na 2003, aka cire saboda jerin ya cika da sabbin ƙa'idoji. Mark Rosewater, babban mai tsara wasan, ya riƙe shi har jerin Kaladesh a 2016, duniyar masu ƙere-ƙere inda ya zauna daram. Shekara 13, kuma ba na'ura ce ta hana ba, gurbi ne babu.

Ajiyar samfurin takarda: kowane wasa ledarsa mai zif. A ciki katunan, takardar ƙa'idoji mai lambar siga da kwanan wata, hoton yadda ake shimfiɗa kayan kafin a fara, da takardar gwaji. A takardar gwajin a rubuta mutum nawa suka buga, minti nawa ya ɗauka, a wane zagaye aka gane wanda zai ci, da inda mutane suka fara duba wayarsu. Abin da ke lalacewa kullum shi ne ƙa'idojin da aka canza da baki ana cikin wasa ba a rubuta ba. Bayan shekara biyu ga kati 60 a hannu, ba wanda ya tuna me alamar ja ke nufi.

Gwanin_Dara
Ku yi haƙuri in ɗan kauce. Tsohuwar dabara ba sai wadda ke littafinka ba. Dara tana nan: gurbi 30, biyar sau shida, kowa da 'ya'ya 12. Ana jerawa ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda ka haɗa uku a layi lokacin jerawa ba. Bayan nan ana matsawa gurbi ɗaya, gaba, baya ko gefe, ban da karkace. Ka haɗa uku ka ci ɗan abokin karawa, huɗu a layi kuma ba ci ba ne. Ƙa'idojin na ɗan bambanta daga gari zuwa gari. Wannan haramcin huɗun kaɗai ya isa a gina wasan waya a kansa, don yawancin wasannin haɗa uku lada suke ƙara wa mai haɗa huɗu, a nan kuwa cikas ne. Wanda zai yi aiki a kai ya je inda dattawa ke bugawa ya rubuta bambance-bambancen, da sunan garin kowanne.

DanBirni84
Wannan ya cancanci zarensa daban, Malam. A buɗe mana.

Lauyan_Zaure
Kafin a ɗauko tsohon aiki a tambayi: na wa ne? Dabara tsurarta haƙƙin mallaka bai rufe ta ba, dokar Najeriya ta 2022 ma ta fitar da ra'ayoyi da hanyoyin aiki daga ciki. Amma kod, zane, kiɗa da rubutu duk suna da mai su. Wanda ya yi samfurin yana ma'aikacin wani kamfani ya karanta takardar ɗaukarsa aiki, da yawa suna cewa abin da aka ƙirƙira a bakin aiki na kamfani ne. Wanda ya yi da abokai a gasar awa 48, a rubuta tun ranar wa ya yi me da ko kowa na iya ci gaba shi kaɗai. Saƙon imel da kowa ya amsa ya fi babu. Sautuka da zanen da aka sauke don gwaji a rubuta lasisin kowanne a katin, don wasu ba a yarda a sayar da su ba.

Akwai kuma rajistar ƙirƙira (patent) a wasu ƙasashe, wadda ke hana wasu amfani da abin na wani lokaci. Namco sun riƙe ta ƙananan wasanni a allon jira a Amurka har ta ƙare a 2015. Warner Bros. sun sami ta tsarin Nemesis, inda maƙiya ke tuna haɗuwarsu da ɗan wasa, a 2021. Wannan ma dalilin jinginewa ne mai ranar ƙarewa, a ƙara shi cikin jerin Hajjo_Pixel.

Sarkin_Shakka
To mu koma kan tambayata ta farko. An ajiye, an jera. Yaushe ake karantawa? Don nan ne abin ke mutuwa.

Hajjo_Pixel
Lokaci uku. Duk wata uku, minti 45, ana karanta layin "a dawo da ita idan" kaɗai, ba dukan katin ba. Sai ranar da aiki ya cije, misali mataki na biyar ya zama maimaicin na huɗu, a nemi katunan da ke da lakabin irin motsin wasan. Shi ya sa lakabi ya zama na aiki: tsalle, ɓuya, ciniki, jeri, ba "mai kyau" ko "babba" ba. Sai kafin gasar ƙera wasa irin Global Game Jam ta watan Janairu: a zaro kati biyu ba tare da dubawa ba, a tilasta musu zama wasa ɗaya. Wadda ta ja hankali a ba ta kwana 2 da akwatuna masu launin toka, ba zane ba kiɗa, a miƙa wa mutum biyar su buga ba tare da an yi musu bayani ba. In ba wanda ya nemi ya sake, a ƙara layi a katin a mayar. Wadda aka duba sau uku ba ta motsa kowa ba, a share.

Baba_Famicom
Sharewar ce ban yarda da ita ba, 'yata. Will Wright ya gabatar da tunanin gidan 'yar tsana a 1993, rukunin mutanen da aka tara don jin ra'ayinsu suka yi watsi da shi, cikin kamfanin Maxis ma ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. Tunanin nan ne ya fito a matsayin The Sims a 2000. Da ƙa'idar sau uku aka bi, da babu shi. Fayil ɗin rubutu KB nawa ne? A yi folda ta biyu a tura su can, kada su cika ido, amma kada a share.

Zinariya_3D
Baba, ƙin bayanin wasa daban, ƙin wasan da aka buga da hannu daban. Na Hajjo_Pixel gwajin hannu ne. Duk da haka ni ma folda ta biyu zan zaɓa.

Sarkin_Shakka
Folda ta biyun nan ita ce dai layi 500 ɗin da na fara magana a kai, an sauya mata suna kawai. Layin dalili da na sharaɗi na karɓa, bidiyon daƙiƙa 60 ma na karɓa. Sauran har yanzu ina ganin mai wasa ɗaya da bai gama ba bai kamata ya taɓa su ba.

DanBirni84
@Kod_da_Shayi tambaya: aikin Godot 3.5 da aka jingine, a juya shi zuwa 4 yanzu ko a bar shi yadda yake?

Kod_da_Shayi
A bar shi. Godot fayil ɗaya ne da ba ya buƙatar shigarwa, sauke na 3.5 ɗin ka jefa shi cikin foldar aikin tare da kayan fitarwarsa na wannan sigar. Juyawa sai ranar da aka yanke shawarar ci gaba da wasan, kuma a kan kwafi, ba a kan asalin ba.